Kada Ki Ƙara wa Hannun Ko Inci Ɗaya

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da aikin naka na goge ƙasusuwa. Mu nan kalau muke, sai gwiwata ta dama da ke ƙara duk na taka keken ɗinki, ita da keken ban san wanda ya fi gajiya ba. Ƴarka Fitila tana lafiya, ta ƙara tsawo, haƙorinta na gefe ya fita. Na gama da gaisuwa, don ba ita ta sa na ɗauki biro ba.

Kada ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Yarinyar nan kullum tana gindin keke, kunnenta ya fi na kowa ji, kuma abin da ke bakina in na faɗe shi da murya ba zai yi mana kyau ba. Shi ya sa na rubuta, zan ba direban da ke kawo saƙonka.

Malamarsu ta ce a bikin makaranta kowane yaro a ajin zai yi shigar ɗaya daga cikin dodannin nan na zamanin da, waɗanda kuke ce wa dainoso, ya hau dandamali ya faɗi abin da ya sani a kansa. Ni da bakina na ce a tambaye ka, tunda kai kake wuni da su a gidan tarihi. To zanenka ya iso. Sunayen da ka rubuta ba zan karya harshena a kansu ba, na raɗa musu nawa. Na ga Mai Ƙaho Uku, na ga Dogon Wuya, na ga Mai Faranti a Baya, har da wani mai guduma a wutsiya. Duk ba laifi, har dariya na yi.

Sai na buɗe na ƙarshe. Ƙaton kai, baki cike da haƙora, da wasu ƴan hannuwa a ƙirji kamar an manta ba a ƙarasa ba. Ka zagaye shi da jan biro, ka rubuta a ƙasa: "Wannan na Fitila ne, kada ki ƙara wa hannun ko inci ɗaya."

Auta, kanka ɗaya kuwa? Ka manta yadda aka haifi yarinyar nan ne, ko nisa ya goge maka? Hannunta na hagu bai wuce gwiwar hannu ba. Tun da mahaifiyarta ta rasu ka miƙo mini ita a zani, ni nake mata ɗinki, kuma tun tana shekara uku babu rigar da ta sa wadda ban tsawaita hannun ba, na cusa auduga, na kafe bakin a aljihu, na ɗora ɗan mayafi a kafaɗa. Baƙo zai wuni a shagon nan bai gane komai ba. Yau kai, ubanta, duk cikin dabbobin da Allah ya shafe daga doron ƙasa ba ka ga wanda ya dace da ƴarka ba sai mai gajeren hannu? Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. In wasa ne, bai yi daɗi ba. In da gaske ne, ina jiran bayani.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da Fitila kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni ma lafiya, sai mura da sanyin zauren nan ke sa ni, don ƙasusuwan ba sa son zafi, mu ne muke shan wahalar. Tun da na aiko zane ban ji daga gare ki ba. An ce motar direbanmu tana gareji, don haka wannan na ba wani abokin aikina da zai bi ta wajenku.

Ga abin da Fitila za ta haddace. Nata sunansa Tiranosoras, ta ce Tirano ya isa. Nama yake ci. Tsawonsa daga hanci zuwa wutsiya ya kai babbar bas, haƙorinsa ɗaya in aka haɗa da saiwa ya fi ƙatuwar ayaba. Da ƙafa biyu yake tafiya. Hannunsa bai fi na babban mutum tsawo ba, da yatsu biyu kacal, kuma har yau masana ba su daidaita kan abin da yake yi da shi ba, sun dai ce akwai ƙarfi a cikinsa.

In malama ta tambaye ta sauran: mai ƙaho ukun nan ganye yake ci, bakinsa irin na aku ne, kuma zamaninsu ɗaya da Tirano, har an samu shaidar haƙori a ƙashinsa. Dogon wuyan, ƙafafunsa na gaba sun fi na baya tsawo, saman bishiya yake kiwo. Mai faranti a baya kuwa bai taɓa haɗuwa da Tirano ba, ya riga shi shuɗewa da nisa, har tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakanin Tirano da mu. Dukansu ƙwai suke yi, kuma babu ɗan Adam ko ɗaya a zamaninsu. Kajin da ke bayan shagonki ma danginsu ne na nesa. Na san za ki ce ƙaryata ta yi yawa.

Batun ɗinki ba zan koya miki ba, amma wutsiyar kada ta ja ƙasa, a miƙe yake riƙe ta don ta daidaita nauyin kan. Abin da ya fi komai shi ne hannun. Ban da auduga, ban da mayafi. In ta hau dandamali ya zama shi kowa zai fara gani. Nan ma haka ake yi, duk wanda ya shigo zauren sai ya fara nuna hannun nan ya yi dariya. Na ƙosa in ji yadda wurin zai yi ranar.

Ki gaishe mini da ita, ki ce ban manta ba.

Ƙanenki.

*

Auta,

Muna lafiya. Gwiwa tana nan yadda take. Allah ya sauwaƙe murar.

Ka ce ba ka ga wasiƙata ba. Ko ka gani ko ba ka gani ba, taka ta ba ni amsa. "Duk wanda ya shigo sai ya nuna hannun nan ya yi dariya." "Na ƙosa in ji yadda wurin zai yi." Da hannunka ka rubuta, na karanta har sau uku ko idona ne. Wato ka san za a yi dariya, kuma ita kake jira. Ka cika mini takarda da ayaba da aku da kajina, ko a jikinka. Zama da matattun ƙasusuwa ya sa ka manta cewa masu rai suna jin ciwo.

To ka ji abin da na yi. Na ɗinka mata Mai Ƙaho Uku. Tunda kai ka ce da ƙafa huɗu yake tafiya, na yi ƙafafun gaba da soso mai kauri, duka biyun tsawo ɗaya, babu mai cewa ga na gaske ga na cushe. Ƙahonin na naɗe kwali na rufe da farin yadi, faifan wuyan na sa masa waya ya tsaya cak. Tsakani da Allah ban taɓa ɗinkin da ya kai shi ba, masu kawo ɗinki har tsayawa suke yi suna kallo.

Ita kuwa da na nuna mata, ta ce, "Na gode, Gwaggo," ta ninke shi ta ajiye a kan akwati. Ba ta gwada ba. Tun ranar bakinta ya mutu, yarinyar da sai na ce ta yi mini shiru in ji ƙarar keke. Abinci ma taɓawa take yi ta tashi. Na tabbata ta ga zanen nan da jan bironka, ta gane abin da ubanta ya ɗauke ta. Ka ga abin da ka jawo.

Ka ji ni da kyau. Ko ta sa wanda na ɗinka, ko ranar ta zauna a gida in ce ba ta da lafiya. Ba za a yi wa ƴata dariya ina raye ba.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Mura ta tafi. Motar direba ta tashi, yau ya kawo mini wasiƙunki biyu a haɗe, ta farkon har ta sha man gareji. A tsaye na karanta su a bakin ƙofa, sai da mai sayar da tikiti ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Ni ne zan yi wa ƴata ba'a? Ni? Ke kika goya ni, amma a ganinki na zama mutumin da zai zauna ya zana abin da zai tozarta ɗiyar cikinsa. Wannan ya ƙona mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa. Kin tsinci layi ɗaya kin riƙe. E, mutane suna dariyar hannun in sun shigo. Sai su ɗaga kai su ga bakin, dariyar ta tsaya. Kullum a gabana ake yi, shirun nan nake nufi. Laifina da ban ƙarasa zancen ba, na ɗauka kin san ni.

Ta roƙe ni kada in gaya miki, amma yanzu dole. Ba ni na zaɓa ba, ita ce. Da ta zo hutu na zaga da ita zauren. Ta wuce dogon wuya, ta wuce mai guduma, ba ta tsaya ba. Da muka iso gaban Tirano ta kafe. Na je na kori wasu yara da ke taɓa igiyar da aka kewaye ƙasusuwan da ita, na dawo na same ta ta ture mayafin, ta zare audugar ta sa a aljihu, ta naɗe hannun riga har kafaɗa, a tsakiyar mutane. Ta ce, "Baba, shi ma haka aka haife shi?" Na ce haka. Ta ce, "Kuma shi ne babbansu?" Na ce a zamaninsa babu mai tare masa hanya. Ta ce, "To in an yi bikin makaranta shi zan zama. Amma kai za ka gaya wa Gwaggo, ka ce kai ka ce." Abin da na ce ban manta ba ke nan.

Yaya, da ta naɗe rigar na ga fatar wurin. Duk ƙuraje ne na zafi. Yarinya tana yawo da auduga a cikin rana tun tana ƴar ƙarama. Kin taɓa tambayar ta ko tana so? Kin ce bakinta ya mutu don ta ga zanena. Bakinta ya mutu ne don ta ga ƙafafun soso.

Ba na raina wahalarki, Allah ya sani. Amma zan faɗa ko da za ki daina gaishe ni: wani lokaci ina ganin ba ita kike rufewa ba, idonki ne ba ya son gani. In kika hana ta zuwa ranar nan, ba zan yafe ba, ita ma ba na jin za ta manta.

Ƙanenki.

*

Auta,

Lafiya muke. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, don ba ka cancanta ba.

Idona ne ba ya son gani? Hannun da nake wankewa kullum, nake shafa wa mai, nake yanke wa ƴan faratan da suka tsiro a ƙarshensa da ƙaramin almakashina? Lallai ka iya magana daga nesa. Kana ina ranar da wata mai ciki ta shigo gwada riga, ta ga yarinyar tana wasa da zare, ta rufe fuska ta fita da baya tana neman tsari? Kana ina da wata ta ce kada ta taɓa mata yadi? Fitila tana da shekara uku, ta bi matar da ido, ta dubi hannunta. A ranar na fara cusa auduga. Kai kana can kana kaɗe ƙura daga haƙarƙarin abin da ya mutu tun babu mutane, ni nake nan da masu rai da bakunansu. Wannan maganar taka ba zan yafe ta da wuri ba, ka sani.

Amma na tambaye ta, tunda ka ce ban taɓa ba. Na rufe shago da rana tsaka, na zaunar da ita a kan bencin masu jira.

Na ce, "Ke, wa ya zaɓi mai gajeren hannun nan?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ce."

Na ce, "Me ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Kin sha wahalar ɗinka dogayen, Gwaggo."

Na ce, "In kika hau suka yi miki dariya fa?"

Ta ce, "Ai yanzu ma suna yi. Sun san auduga ce. Tun muna aji ɗaya ta faɗo a filin wasa, wani ya yi ƙwallo da ita."

Auta, tun suna aji ɗaya. Ni ina nan ina taƙama babu wanda ya gane, ashe duk makarantar sun sani, yarinya tana tsince audugar tana mayarwa kafin ta iso gida don kada in ji. Na tashi na shiga bayan labule kamar ina neman yadi. Haushin yaran nan nake ji, da malamansu da ba su taɓa aiko mini ba, da kai da ka sani ka tsaya yi mini lacca a kan aku.

Zan ɗinka. Ba don kai ba. Ta ce hannun dama za ta naɗe shi a cikin riga ta fito da yatsu biyu kawai, na hagu a bar shi yadda yake. Har ta yi dariya ta ce wannan karon na dama ne zai ɓuya. Ni ban ga abin dariya ba.

Zanenka kuma ba shi da kai. Ka ce wutsiya kada ta ja ƙasa, ba ka ce da me za ta tsaya ba. Kuma wane launi ne dabbar? Ka aiko da amsa da wannan direban, kada ka bari ya shiga gareji da ita. Ranar ina layin gaba. Duk ɗan da ya buɗe baki, shi da uwarsa za su san ni.

Yayarka.

*

Yaya,

Na gaishe ki, na kuma sunkuyar da kai. Maganar idon nan na janye ta, ban san zancen matan nan ba, ba ki taɓa faɗa mini ba. Sauran ban janye ba.

Launi babu wanda ya sani, ƙashi ba ya nuna launi, ki sa wanda ranki ya so. Wutsiya ki sa waya irin ta faifan mai ƙaho, ki ɗaure ta a ɗamara. Haƙoran kada su zama tsawo ɗaya. Na nemi izinin zuwa, shugabanmu ya ce makon nan makarantu ke kawo ziyara, babu mai motsawa. Raina ya ɓaci amma babu yadda zan yi. Don Allah kada ki daki ɗan kowa. Ki rubuto mini komai, har abin da ba zan so ji ba.

Ƙanenki.

*

Auta,

Muna lafiya, gwiwa ta kumbura saboda tsayuwa. An yi biki. Ka ce in rubuta komai, to ga shi.

Kore na yi shi, da ruwan ƙasa a ciki. Haƙoran soso ne, na yanka su ba daidai ba yadda ka ce. Mai Ƙaho Uku kuwa na ba wata ƴar ajinsu da uwarta ba ta samu yi mata ba, ya zauna mata kamar don ita aka yi.

Dogon Wuya ya fara hawa, wuyan ya karye ya rufe masa ido, aka sauko da shi. Mai faranti ya manta karatunsa. Sai aka kira Fitila. Ta fito, wutsiya a miƙe, hannun nan a waje, babu komai a kansa.

Sun yi dariya. Kada ka ce ba su yi ba, ina wurin. Ba duka ba, amma an yi, har da manya. Wani yaro daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Na hagun na gaske ne!" Na miƙe tsaye, wallahi na miƙe, jakata a hannu. Kafin in juya na ji muryarta a lasifika. Ta ce, "Na gaske ne. Nasa ma na gaske ne, kuma akwai ƙarfi a cikinsa." Ta ɗaga shi sama yadda na baya za su gani. Sannan ta ci gaba da karatunta, bas da ayaba da yatsu biyu, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Shirun da kake faɗa na ji shi. Na koma na zauna.

Kyauta kuma ba su ba ta ba. Wai wani mai fukafukai suka ba, alhali ita da kanta ta gaya mini ka ce masu tashin nan ba dainoso ba ne, maƙwabtansu ne kawai. Na je na faɗa wa malamar, ta ce a yi haƙuri. Ban haƙura ba. Uwar yaron nan mai baki ma na gane ta, tana kawo mini ɗinki, za ta zo ta same ni.

Kada ka ɗauka na ce kana da gaskiya. Dariyar nan har yanzu tana kunnena, kuma gobe ma za a yi mata, kai ba ka nan.

Yau da safe na fito buɗe shago na tarar ta riga ni. Ta kwaso rigunan makarantarta duka ta ɗora a kan keke, ta ajiye almakashi a sama. Ta tsaya tana jira. Na ɗauki ta farko na farke bakin aljihun, na zare audugar, na sa almakashi na yanke hannun rigar. Shekara talatin ina yanka yadi ban taɓa karkacewa ba, yau yankan ya tafi a karkace. Na ce ta kawo wata in sake. Ta ce a'a, za ta makara. Na kalmashe bakin haka nan, ta sa.

Na tsaya a ƙofar shago ina kallonta har ta kai kwana. Akwai mata a bakin famfo, duk sun juyo. Ta gaishe su da hannun hagu, ta wuce.

Yayarka.